Tafiyar Jan Tsinke

Litinin, 6:40 na safe

Na samo! Wallahi na samo, kuma a banɗaki na samo, buroshi yana bakina. Haka na fito da kumfa ina neman biro, Umma tana bina da kallo kamar ta ga sabon kamu.

Bari in rubuta a tsare kafin ya gudu. Likita ta ce ranar Alhamis ta sama za su zauna a kan Baba. Gado ɗaya ya rage a sashen da ake koya wa mutum tafiya da magana daga farko, kuma ba sa ba kowa sai wanda ya nuna yana fahimtar abin da ake ce masa. In ya nuna, wata uku zai yi a hannunsu. In bai nuna ba, a sallame mu, mu koma gida mu ci gaba da juya shi a kan katifa. Kwana goma ke nan daga yau.

Sun gwada shi da takardar nan mai fuskoki, wata na dariya wata na kuka, wai ya nuna tasa. Kallo ɗaya ya yi mata ya juya ga bango. Su sun rubuta ba ya amsawa. Ni kuwa na san kallon nan. Shi yake yi wa mutumin da ya kawo rediyo yana cewa, "Ai ni ma na ɗan taɓa ta." Wanda ya shekara arba'in yana gyaran rediyo za ka kawo wa zanen 'yan firamare?

To, ginin manhajar waya ne sana'ata, shekara huɗu ina ci da ita. Shafi ɗaya tak zan yi masa: layi a kwance daga sifili zuwa goma, da ɗan ƙwallo a kai da ake ja da yatsa. Silaida muke ce masa a ofis, irin wanda ake ƙara sauti da shi. Ɓarin damansa ne ya shanye, hannun hagunsa yana aiki, sai ɗan rawa da yake yi. A tambaye shi, ya ja, shi ke nan. Ba sai ya buɗe baki ba.

Na gaya wa Yaya ina ta zuba. Ya ce, "Auta, sha shayinki tukuna."

Litinin, 1:15 na rana

Minti ashirin ya ɗauke ni a hutun rana. Minti ashirin! Mai Zane, wanda muke tebur ɗaya, shi ke zaɓa mana launi da girman rubutu, ya leƙo ya ce, "Wannan wace irin manhaja ce, ba suna ba hoto, kamar ɗakin gwauro?" Na ce ta babban mutum ce. Bai sake tambaya ba. Duk ofis sun sani, shi ya sa yanzu kowa ke min magana a hankali kamar ƙwai.

Talata, 5:30 na yamma

Na ɗaga masa kan gado, na jingina wayar da filo, na ce, "Baba, ga aikina na kawo maka duba." Ya kalla. Na rantse ya kalla. Ya ɗago hannun hagu, yatsan yana kaɗawa, ya sauke shi a kan layin, can wajen dama. Ƙwallon ya ɓace daga sifili ya ɓulla a takwas, tsit, yadda aka gina shi ya yi.

Baba ya ci gaba da kallon inda ƙwallon yake a da. Ya daɗe. Sannan ya sauke hannu ya juya ga bango.

Na ce, "Ga shi nan, Baba, ga shi a takwas!" Na faɗa sau huɗu ko biyar, ban san ina ɗaga murya ba sai da mai jinyar gadon kusa ta ja labule.

Yaya yana tsaye a ƙafar gado, hannu a aljihu. Da ya yi min faɗa da ya fi min sauƙi.

Laraba, 8:05 na safe, a bas

Har yanzu akwai lamba uku, ja, a kan alamar kira a wayata. Ba na taɓa wurin.

Laraba, 6:20 na yamma

Na dawo na tarar Yaya a falo da tef ɗin awo a hannu. Yana auna daga taga zuwa ƙofa. Na ce me ake aunawa, ya ce in an fitar da doguwar kujera gadon asibiti zai shiga, har da wurin wucewa.

Na ce, "Yaya, saura kwana takwas."

Ya ce, "Shi ya sa."

Umma tana kicin, ta ƙara wa famfo ƙarfi don kada ta ji mu.

Alhamis, 2:10 na rana

Sista! Allah ya saka wa Sista da alheri, ya ba ta abin da take nema duniya da lahira!

Na nemi izini a ofis na zo lokacin abincin rana. Babbar nas ɗin ɗakin, wadda kowa ke ce wa Sista, tana tsaye kan Baba yana cin shinkafa da hagu. Ya cinye rabin faranti, ya ajiye cokali. Rabi cif, kamar an raba da wuƙa, ɓangaren dama ko ƙwaya ba a taɓa ba. Na ce ya ƙoshi. Sista ta ce, "Wa ya gaya miki?" Ta sa yatsa biyu ta juya farantin. Baba ya ɗauki cokali ya ci gaba da ci.

Na tsaya baki buɗe. Ta ce, "Ƙanwata, masu irin wannan lalura da yawa haka suke. Duk abin da ke damansu babu shi a duniya. Ba makanta ba ce, idon lafiya lau. In abu yana tafiya ya bi shi da kai, zai gan shi. In kuwa ajiye shi aka yi a can, ya tafi ke nan."

Ka ji fa! Ranar Talata ba ƙin amsawa ya yi ba. Ƙwallon ne ya yi tsalle ya faɗa cikin duhunsa. A wurinsa ya taɓa abu, abin ya ɓace, ni kuma ina kansa ina ihun ga shi nan. Ita ma takardar fuskokin, wa ya san ko rabinta kaɗai ya gani. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ba tsalle ƙwallon zai yi ba. Tafiya zai yi, ya ja idon Baba a baya.

Na rungume Sista da farantin da komai. Ta ce in saketa, miya za ta ɓata mata farar riga.

Juma'a, 11:50 na safe

Yana tafiya! Na fi minti goma ina dannawa ina kallo kamar yarinya da sabon abin wasa.

Dabarar ba wuya. Waya tana sake zana fuskarta sau sittin a sakan ɗaya. Da, in an taɓa takwas, umarnin shi ne koma takwas, sai ya ɓace nan ya ɓulla can. Yanzu na raba tafiyar gida-gida, kowane zane ya matsa ɗan kaɗan, ido kuma ya haɗa su ya ga tafiya. Na sa ya taso a hankali, ya ɗan ware a tsakiya, ya sauka a hankali, kamar direban da ya san ya ɗauko tsofaffi.

Na tambayi Mai Zane tsawon lokacin da zan ba shi. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Kashi uku cikin goma na sakan. Ƙa'ida ce. In ya wuce haka mutane su ce manhaja ta yi nauyi. Ki sa masa ɗan tsalle-tsalle in ya isa, shi ake yayi."

Na sa. Ya yi kyau ƙwarai. Da a taro na nuna shi da an tafa.

An tafa min ranar nan ma, ranar da Baba ya faɗi. Ina tsaye gaban allo, wayoyinmu duk a kife a kan tebur, haka dokar taro take.

Asabar, 4:45 na yamma

Idonsa ya motsa. A rubuta a ajiye, idonsa ya motsa! Ya taɓa, ƙwallon ya zabura, idon ya bi shi ɗan taƙi, daga sifili zuwa wajen uku, sannan ƙwallon ya tsere masa. Da ya isa can yana ta ɗan tsallensa na yayi, babu mai kallo sai ni.

A baranda na ce wa Yaya, "Ka gani ai?"

Ya ce, "Na ga ido ya motsa. Ƙuda ma in ya wuce ido yana motsawa."

"Yana nan ciki, Yaya."

"Auta, ni ma ubana ne. Ni nake wanke shi da safe, ke kina ofis. Kullum ki zo ki dasa masa waya a fuska, ya gaji, ya juya, ki fita da murna, mu kuma mu kwana da shi. Don shi kike yi, ko don ki samu ki yi barci?"

Na ce zan je in sayo ruwa. Ruwa yana nan katan guda a ƙarƙashin gado.

Lahadi, 10:30 na safe, a shago

Umma ta aike ni in ɗauko katin asibitin Baba na da a aljihun tebur. Tun ranar ba wanda ya buɗe shagon. Makullin ya yi gardama kamar kullum, sai an ɗaga ƙofa da gwiwa.

Komai yana inda ya bar shi. Ƙarfen narka dalma a kan mazauninsa, gwangwanayen madara cike da ƙusoshi, kowanne da rubutunsa, rediyoyin mutane a jere da takarda maƙale a hannun kowacce. Kofin shayinsa ya bushe. Kujerar tana kwance a ƙasa. Na tashe ta.

Kawu Tela na shagon kusa ya ji motsi ya shigo, tef ɗin awo a wuya. Ya tambayi jiki, ya yi addu'a, sannan ya ce, "Ni fa ranar sai wajen azahar na leƙo, na ga shiru. Wayar tana hannunsa, ashe tun sha ɗaya yake..."

Na ce, "Kawu, waccan babbar tana aiki kuwa?"

Ya kalle ni, ya kalli rediyon, ya ce, "Wannan ai ko mu mun mutu tana aiki."

Ita ce ta katako da ke saman kanta, wadda Baba ba ya sayarwa. Na sauko da ita don dai hannuna ya samu abin yi. Na murɗa maɓallin neman tasha, sai jan tsinken nan ya taso a bayan gilashi. Ya taso da nauyinsa, ya ratsa lambobin sululu, na saki maɓallin, ya ɗan ƙara gaba kaɗan ya tsaya cak. Ba zabura, ba tsalle.

Sai ga ni ina 'yar shekara tara a kan benci, Baba ya buɗe min bayanta yana nuna min zaren da ke jan tsinken da faifan ƙarfen da ke ba shi nauyi. "Gaggawa ba ta kama tasha, Auta. Tsinke in ya fi kunne sauri, sai ki wuce mai magana ba ki sani ba." Ranar na ɗaura zaren da kaina. Ya duba, ya murɗa, ya ce bakwai cikin goma. Duk abin da muka yi a duniya bakwai ne. Yaya ya zo na ɗaya a aji, bakwai. Na kawo takardar digiri, ya juya ta gaba da baya, bakwai. In mun yi ƙorafi ya ce, "Goma ba ta ɗan Adam ba ce, takwas da tara kuma na ajiye wa wanda ya fi ni."

Na sa agogon waya na auna tsinken daga wannan gefe zuwa wancan. Sau goma na auna. Sakan biyu da rabi! Mu muna can muna kashi uku cikin goma, wai ƙa'ida. Ƙa'idar masu lafiyar ido ce da gaggawar shiga mota.

Na fito har na kulle, sai da Kawu Tela ya ce, "Katin fa?"

Litinin, 12:30 na rana

Na cire ƙwallon, na sa jan tsinke dogo mai kauri. Bayansa launin gilashin tsohuwar rediyo, lambobi baƙaƙe manya. Tsallen yayi na kore shi. Tafiya daga gefe zuwa gefe, sakan biyu da rabi.

Mai Zane ya gani ya dafe kai. "Sakan biyu da rabi? Kafin ya isa ai na yi aure na haihu." Na nuna masa bidiyon rediyon da na ɗauka. Ya kalla sau biyu, sannan ya jawo kujerarsa. "Jan nan naki ya yi haske, na da ya fi duhu. Matsa." Awa guda ya ɓata a kan launin tsinke ɗaya, ya ƙi zuwa cin abinci.

Da tsohuwar zuma ake magani. Gobe! Gobe za su gani.

Talata, 6:10 na yamma



Da Baba ya ga fuskar wayar girarsa ta hagu ta ɗaga. Ya sa yatsa. Tsinken ya taso, idonsa ya bi, kansa ya fara juyawa dama, a hankali, biyu, uku, huɗu. Na riƙe numfashi. Sai tsinken ya fizge ya koma sifili. Ya sake tasowa, ya kai uku, ya sake fizgewa. Ya taso, ya koma. Kamar akuyar da aka ɗaure da gajeriyar igiya.

Baba ya yi wani gurnani da ban taɓa ji ba, ya kai wa wayar mari da bayan hannu. Ta daki ƙarfen gado ta faɗi ƙasa, gilashin ya tsage a kusurwa.

Na ce, "Ya yi fushi! Yaya, fushi ya yi! Aikin banza ya gani ya yi fushi!"

Yaya ya tsinci wayar ya miƙo min. Ya ce, "Masu gadon za su kawo shi Juma'a da safe. Na fitar da kujerar. Don Allah ki bar bawan Allah ya huta."

A wurina tsinken lafiya lau yake tafiya. Na gwada sau ɗari a baranda. Sau ɗari, ko gezau.

Laraba, 7:15 na safe

Saura kwana ɗaya. Ban gano ba. Falo ya yi faɗi, muryar mutum har amsawa take.

Laraba, 8:40 na safe, a ofis

Allah ya yi wa ramukan titinmu albarka! Kada a gyara su har abada!

Ina bas, a kujerar baya, ina ta danna abin don takaici. Direba ya faɗa wani rami, yatsana ya yi tsalle a kan gilashi, tsinken ya fizge ya koma sifili. Irin ta jiya sak! Na ce, "Direba, don Allah sake shiga wani!" Wata mata ta janye jakarta daga kusa da ni.

Ga laifin, kuma nawa ne ni kaɗai. Na rubuta cewa duk lokacin da aka taɓa, tafiya ta fara daga lambar ƙarshe da aka ajiye. Sabuwar lamba kuwa ba a ajiye ta sai tsinken ya isa. Yatsan Baba yana rawa, yana ɗagawa yana sauka, kowace sauka sabuwar taɓawa ce a wurin waya. Tsinken yana tsakiyar hanya sai a ce masa koma gida ka sake. Da tafiyar tana gajeriya ba mai lura, da na tsawaita ta sai asiri ya tonu. Mu a nan da linzamin kwamfuta muke gwaji, danna ɗaya cak, ko kuma da yatsun da ba su san rawa ba. Shekara huɗu ina rubuta shi haka, ba wanda ya taɓa kama ni sai mai gyaran rediyo da hannu ɗaya.

Gyaran layi uku ne. Tafiya ta fara daga inda tsinken yake a yanzu, ba inda ya baro ba. Ƙananan rawar yatsa kuma a yi kamar ba a gani ba. Na sa Mai Zane ya riƙe gwiwar hannuna yana jijjigawa ina dannawa. Shugaban sashe ya wuce ya gan mu, ya buɗe baki, ya fasa, ya tafi.

Sumul yake tafiya. Sumul!

Laraba, 5:00 na yamma

Na zo da gudu, Sista ta tare ni a ƙofa. Baba ya ɗan yi zazzaɓi, an ba shi magani, yana barci, ba mai tashinsa. Na ce minti biyu kawai. Ta ce ko sakan biyu da rabi.

Ke nan gobe a gabansu zai fara taɓa shi. Ta dai bar ni na zauna kusa da shi ina kallon hannun. Akwai tabon ƙunar dalma a babban yatsa, tun kafin a haife ni. Da wannan hannun ya danna lambata, tunda ɗayan ya riga ya tafi. Tawa ce a sama a wayarsa, ni na sa masa ita da kaina, na ce ko me ya faru ni zai fara kira.

Ban yi niyyar rubuta wannan ba.

Alhamis, 7:00 na safe

Na yi cajin wayar har ɗari. Na sake yi mata caji.

Alhamis, 3:30 na yamma

Zan rubuta komai, ko hannuna zai tsinke.

Ƙarfe goma suka zo, Likita da wata malama mai koyar da magana, da fayil a hannu. Umma tana kan kujera da carbi, Yaya a ƙafar gado inda ya saba. Suka ce ya ɗaga hannu, bai ɗaga ba. Suka fito da takardar fuskoki, ya rufe ido. Malamar ta fara rubutu. Na ce, "Likita, don girman Allah, minti biyar." Ta kalli agogo, ta kalli Sista. Sista ta ce, "Ku bar ta, in ba haka ba ba za mu sha ruwa a ɗakin nan ba."

Na jingina wayar da filo. Na ce, "Baba, na gyara. Zaren ne yake zamewa." Ya buɗe ido.

Likita ta ce, "Baba, 'ya'yanka nawa?"

Ina jin ƙarar fanka. Sai hannun ya taso, yatsan yana rawarsa, ya sauka. Tsinken ya taso, bai fizge ba, bai koma ba, ya je biyu ya tsaya.

Malamar ta ce, "Kusa da hannunsa ne, yana iya zama dace. A tambaye shi na nesa." Ta matso. "Baba, nuna min tara."

Tara tana can ƙuryar dama, cikin duhun. Ya ja yatsa. Tsinken ya bi yatsan da nauyinsa, idon ya bi tsinken, kan ya bi idon. Huɗu, biyar. Yatsan ya ɗaga ya sauka, ya ɗaga ya sauka, tsinken ko a jikinsa, tafiyarsa kawai yake. Shida. Wuyan Baba yana juyawa zuwa ɓangaren da bai kalla ba kwana goma sha tara. Takwas. Tara. Ya tsaya. A daidai nan idonsa ya faɗa kan Umma, don a daman gadon take zama kullum, ba wanda ya taɓa gaya mata ta canza wuri. Ya tsaya yana kallonta. Carbin ya faɗi daga hannunta.

Suka yi masa tambaya shida. Ya ci biyar, ya faɗi ɗaya. Malamar ta ce wa Likita da sauran shakka, wanda ya saba da lambobi yana iya bin lamba ba tare da ya fahimci zance ba. Sai na ji muryar Yaya daga ƙafar gado.

"Baba. Aikin nan na Auta. Nawa ka ba ta cikin goma?"

Baba ya kalli Yaya. Ya kalle ni. Ya sa yatsa ya ja, tsinken ya tafi, ya wuce biyar, ya wuce bakwai, ya wuce tara, ya je goma ya tsaya. Likita ta ce, "Ma sha Allah, goma!" Ni kuwa na ce a raina wannan ba Babana ba ne. Na kalli Yaya, shi ma fuskarsa ta mutu.

Sai gefen bakin Baba mai aiki ya ɗan motsa. Ya bar mu muka sha wuya sakan uku, sannan ya ja yatsan baya a hankali. Tara. Takwas. Bakwai. Ya ɗage hannu ya ɗora a ƙirji.

Yaya ya yi wata irin dariya da ta koma kuka a tsakiya, ya durƙusa ya kifa kai a kan ƙafafun Baba. Umma tana cewa, "Shi ne, wallahi shi ne, mugun halinsa ne!" Ni ina tsalle, da gaske tsalle, a ɗakin marasa lafiya, ina ihun bakwai, bakwai. Likita ta rasa gane abin murna a an rage wa mutum maki, sai da Umma ta ba su labari tana share hawaye da gefen mayafi. Malamar ta soke abin da ta rubuta da farko. Ta ce wanda ya iya tsokana ya fahimci zance.

Litinin za su mai da shi sashen. Yaya ya fita baranda ya kira masu gado ya ce a fasa. Da ya dawo bai kalle ni ba, ya ce, "Ki zo da wuri yau, kujerar nan ba ta ɗaukuwa da mutum ɗaya."

Juma'a, 9:20 na safe

Da Umma ta fita alwala na gaya wa Baba. Na ce na ji wayar tana rawa a kan tebur ranar, sau uku, na san shi ne, na ce bari in gama magana tukuna. Na ce ya ba ni maki, ko sifili ne zan ɗauka. Na jingina masa wayar.

Ya ture ta gefe da bayan hannu, a hankali wannan karon, ya kama hannuna. Bai saki ba har Sista ta zo da magani, da hagu na karɓar masa kofin.